Iyalan Applegate da Hanyar Kudu zuwa Oregon

Applegate sunan wani gida ne na manoma da makiyaya a Amurka, wanda 'ya'yansa maza uku, Charles da Lindsay da Jesse, suka yi ƙaura daga Missouri zuwa Oregon a 1843. An fi sanin su da hanyar amalanken shanu da Lindsay da Jesse suka shiga gaba wajen buɗewa a 1846. A lokacin ana ce mata Hanyar Kudu, daga baya sunan gidansu ya bi ta.

Asali da ƙaurar 1843

A Kentucky aka haife su: Charles a 1806, Lindsay a 1808, Jesse kuma a 1811. Suna yara iyayensu suka koma Missouri. Charles da Lindsay sun auri ya da ƙanwa, Melinda da Elizabeth Miller. Jesse, wanda ya koyi aikin awon ƙasa a St. Louis, ya auri Cynthia Ann Parker.

A watan Mayun 1843 gidajen uku suka shiga babban ayarin da ya tashi daga kusa da garin Independence na Missouri, mutum kusan dubu, da amalanke sama da ɗari da dubban shanu, a tafiyar kilomita wajen 3,200. Ba a yi nisa ba rigima ta tashi, domin marasa garke sun ƙi yarda su riƙa gadin dabbobin wasu da dare, ga shi kuma garken na rage musu sauri. Sai aka raba ayarin gida biyu, aka naɗa Jesse madugun masu shanu. Da ƙarfe huɗu na asuba masu gadi ke harba bindiga a tashi, ƙarfe bakwai a kama hanya. Amalanken da suka shiga gaba yau su ne a ƙurar baya gobe, don kowa ya sha rabonsa na ƙura. Idan an sauka zango sai a jera su zobe, a ɗaure kowace da ta gabanta da sarƙa, su zama katanga.

Masifa ta same su a kogin Columbia. Sun bar shanunsu a sansanin Walla Walla, suka sassaƙa jiragen ruwa suka bi kogin. A watan Nuwamba, kusa da The Dalles, igiyar ruwa ta kifar da jirgi ɗaya, 'yan uwa na kallo daga wani jirgin ba yadda za su yi. Edward ɗan Jesse da Warren ɗan Lindsay, yara 'yan shekara tara zuwa goma, suka nutse, tare da wani dattijo mai suna Alexander McClellan. Daga wannan rana neman hanyar da za ta kauce wa kogin ya zauna a zuciyar iyayen.

Buɗe hanyar

Akwai kuma dalilin siyasa. Amurka da Birtaniya na jayayya a kan Oregon, kuma sansanonin bakin Columbia na hannun kamfanin Hudson's Bay na Birtaniya, don haka Amurkawan da suka zauna a kwarin Willamette na Oregon na son mashigar da ba za a iya toshe musu ba idan yaƙi ya ɓarke. An riga an sa hannu a yarjejeniyar iyaka ranar 15 ga Yunin 1846, amma labarin bai iso su ba sa'ad da mutum 15 suka hau dawakai a ƙarshen watan. Cikinsu akwai Jesse da Lindsay da Levi Scott da David Goff da tsohon maharbi Moses Harris. Charles ya zauna gida.

Sun yi kudu ta kwarin Umpqua da na Rogue, suka haura duwatsun Cascade suka gangara ƙasar Klamath. Wani ɗan ƙasar ne ya nuna musu mashigin dutse a kogin Lost, inda amalanke ke iya ƙetarewa. Daga nan sai tafkin Tule da tafkin Goose, da kwazazzabon High Rock, har hamadar Black Rock. A can ƙishirwa ta kusa gamawa da su, sai suka lura sawun zomaye duk sun nufi wuri ɗaya, suka bi, suka tarar da ɗan ruwa a rami. Har yau sunan wurin na nufin ramin zomo. A ƙarshe suka faɗa kogin Humboldt, inda hanyar Kalifoniya ta bi.

Jesse ya wuce sansanin Fort Hall ya shawo kan masu amalanke kusan ɗari su bi sabuwar hanya. A nan ne kuskuren yake, kuma babba ne: abin da mahayin doki ya ratsa cikin sauƙi, amalanke mai nauyi da shanun da suka yi wata uku suna ja ba za su ratsa shi haka ba. Jesse da Lindsay suka yi gaba da 'yan mutane kaɗan don share hanya, aka bar Scott da Goff suna jagorar ayarin. Shanu suka yi ta faɗuwa a hamada. Ruwan sama na ƙarshen shekara ya riske su a kwazazzabon Canyon Creek, inda dole a bi ta cikin rafi mai sanyin ƙanƙara tsakanin duwatsu. Mutane suka watsar da amalanke da kayan ɗaki, guzuri ya ƙare, wasu suka mutu da cuta da wahala, sai da aka kawo musu ɗauki daga Willamette. Cikin waɗanda suka tsira akwai Tabitha Brown, tsohuwa 'yar shekara 66, wadda daga baya ta taimaka wajen kafa makarantar da ta zama Jami'ar Pacific. Wani lauya a ayarin, Jesse Quinn Thornton, ya yi shekaru yana zargin Jesse Applegate a rubuce da yaudarar mutane game da nisa da ruwa da ciyawar hanyar.

A 1847 Levi Scott ya gyara wasu wurare ya sake kawo ayari cikin sauƙi, shi ya sa wasu masana tarihi ke ganin sunansa ya cancanci zama a jikin hanyar. A 1848 Peter Lassen ya cire reshe daga wajen tafkin Goose zuwa Kalifoniya, wanda dubban masu neman zinariya suka bi a 1849.

Masu ƙasar

Hanyar ta ratsa ƙasashen da ke da masu su: Paiute, Modoc, Klamath, Takelma, Umpqua da Kalapuya. Garken baƙi ya cinye ciyawa ya ɓata wuraren farauta da saiwoyin da mutane ke ci, aka fara kashe-kashe daga ɓangarorin biyu. A 1852, bayan harin da aka kai wa matafiya a bakin tafkin Tule, Ben Wright da mutanensa suka karkashe Modoc kusan arba'in a sansaninsu. Yaƙin Rogue River na 1855 zuwa 1856 da Yaƙin Modoc na 1872 zuwa 1873 sun ƙare da raba al'ummun da aka yaƙa da yawancin ƙasarsu. Gidan Applegate na cikin wannan tarihi dumu-dumu: Lindsay ya yi wakilin gwamnati a matsugunin da gwamnati ta keɓe wa Klamath, 'ya'yansa Ivan da Oliver sun shiga Yaƙin Modoc, Jesse kuma ya zauna a kwamitin sulhu na 1873 kafin ya ajiye aikin.

Ƙarshen rayuwarsu

Gidajen uku sun koma Yoncalla a kwarin Umpqua wajen 1849 zuwa 1850. Jesse ya yi ɗan majalisar gwamnatin riƙo ta Oregon a 1845, ya kuma halarci taron tsara tsarin mulki na 1857. Charles ya rasu a 1879, Jesse a 1888, Lindsay a 1892. Gidan katako da Charles ya gina a shekarun 1850 na nan tsaye a Yoncalla. A 1992 majalisar dokokin Amurka ta sanya hanyar cikin hanyoyin tarihi na ƙasa, a matsayin reshen hanyar Kalifoniya.