Faɗin Taya: Ma'anar Lambar da Iyakar da Rim Yake Gindaya Mata

Idan mai motar gudu ya ce zai ƙara faɗin taya, abin da yake nufi shi ne ya cire tayoyin da kamfani ya ɗora wa motar, ya sa waɗanda lambarsu ta farko ta fi girma, rim kuwa ya bar shi yadda ya zo. Daga 215 zuwa 225 ke nan, ko daga 225 zuwa 245. Burinsa motar ta ƙara riƙe kwalta a kwana, birki ya ƙara kamawa, ta kuma cika ido idan an hango ta daga baya. Buri ne mai kyau, amma kafin a kai ga biyan buƙata sai an fahimci abin da lambar nan take aunawa.

A jikin kowace taya akwai rubutu irin wannan: 225/45 R17 91W. Lamba ta farko, 225, ita ce faɗin tayar a milimita, daga kumburin bango ɗaya zuwa na ɗaya bangon, bayan an ɗora ta a rim an ba ta iska. A lura da kyau, ba faɗin zanen da ke taka ƙasa ake nufi ba, wancan kullum bai kai haka ba, kuma yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ta biyu, 45, tsayin bango ne, amma a kaso: kashi 45 cikin 100 na faɗin, wato kimanin milimita 101. Harafin R na nuna irin saƙar cikin tayar, wadda kamfanin taya na Michelin ya yi wa rajista a 1946 kuma ta mamaye kasuwa daga baya. Lamba 17 girman rim ne a inci. Sai 91, nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, kilo 615, da W, iyakar gudu, kilomita 270 a awa. Harafin V na tsayawa a 240, Y kuma a 300.

Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne wannan lamba ta biyu. Tun da kaso ce, duk wanda ya ƙara faɗi ya bar ta yadda take, to ya ƙara wa tayar tsayi ko bai yi niyya ba. Tayar 225/45 R17 tsayinta gaba ɗaya kimanin milimita 634 ne. Idan aka koma 245/45 R17 sai ya zama 652, ƙarin kusan kashi 3 cikin 100. Taya mai tsayi tana cin tafiya mai yawa a kowane juyi, don haka maleji zai riƙa nuna gudun da bai kai na gaskiya ba, motar kuma za ta ɗan yi nauyin tashi kamar an tsawaita mata giya. Shi ya sa masu lissafi ke rage lamba ta biyu idan sun ƙara ta farko. Da 245/40 R17 tsayin yana dawowa 628, kusa da na asali. Sai dai a nan ne kuma rim yake shigowa da tasa maganar.

Rim ma yana da faɗi, kuma a inci ake auna shi, daga cikin leɓe ɗaya zuwa cikin ɗayan, inda bakin taya yake zama. Yawanci an buga shi a bayan rim ɗin, misali 17x7J ko 17x7.5J, inda 7 ko 7.5 ke nuna faɗin. Kowane girman taya yana da faɗin rim mafi ƙanƙanta da mafi girma da aka amince a ɗora shi a kai. Ƙungiyoyin ƙa'ida ne ke tsara wannan, ETRTO a Turai, TRA a Amurka, JATMA a Japan, kamfanonin taya kuma suna wallafa shi a jadawalin kowace taya. Tayar 225/45 R17 tana zama a kan rim mai faɗin inci 7 zuwa 8.5. Ita kuwa 245/40 R17 tana buƙatar inci 8 zuwa 9.5. Wato gwargwadon gajartar bango, gwargwadon tsananin sharaɗin, domin gajeren bango ba shi da sararin lanƙwasawa ya cike giɓin da ke tsakanin faɗin taya da na rim.

Har ita lambar 225 ɗin ma a kan wani rim na musamman aka auna ta, mai inci 7.5 ga wannan girman. Abin da aka saba lissafawa shi ne duk rabin inci da rim ya ragu, tayar tana tsukewa da kimanin milimita 5. Saboda haka mutum zai iya biyan kuɗin ƙarin milimita 20, rim ɗinsa ya haɗiye rabi.

Abin da ya fi asarar milimita muni shi ne siffar da tayar ke ɗauka. Idan aka matse taya mai faɗi a kan siririn rim, bakunanta biyu suna jawowa ciki, bango ya kumbura waje, saman tayar ya yi doro. Tsakiya ce ke ɗaukar aiki, kafaɗun suna ɗagewa, sai tayar ta cinye ta tsakiya tun gefe yana da sauran rai. A kwana kuma bangon da ya kamata ya tsaya kyam ƙarƙashin zanen sai ya riƙa kwanciya. Direba zai murza sitiyari, rim ya juya, amma sai bayan ɗan lokaci tayar ta biyo. Wannan ɗan jinkirin shi ne ke kashe daɗin motar gudu, domin abin da ya raba ta da sauran motoci shi ne amsa hannu nan take. Kamar mai gudu ne da ya sa takalmin da ya fi ƙafarsa: tafin ya ƙaru, amma ƙafar tana yawo a ciki. Idan aka zarce iyaka sosai kuwa, batun ya wuce daɗi ya koma haɗari, domin bakin taya na iya zamewa daga mazauninsa a kwana mai tsanani, musamman idan iska ta yi ƙasa.

Toyota GT86 da tagwayenta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, sun isa misali. Sun zo da 215/45 R17 a kan rim mai inci 7, da tayoyin Michelin Primacy HP, irin waɗanda ake samu a wasu samfuran Prius, motar Toyota mai tsimin mai. Da gangan aka yi haka, don motar ta riƙa sakin baya a hankali ba sai an kai gudun ganganci ba. Mai irin wannan mota idan ya koma 225/45 R17, yana cikin iyaka, kodayake a kan gaɓa yake, tsayin kuma ya ƙaru da milimita 9 kacal. Idan ya ce sai 245/40 R17, ya fita daga iyaka da inci guda cur. Mai faci zai iya danna ta ta shiga, amma shigarta ba ta nuna ta dace. Abin lura kuma, lokacin da kamfanonin biyu suka fito da sabon samfuri suna son ƙarin riƙo, faɗin 215 suka bari a tayoyin inci 18, suka sauya irin tayar zuwa Michelin Pilot Sport 4.

A ganina wannan shi ne darasin da ya fi kowanne amfani ga mai rim ɗin asali. Haɗin robar da tsarin cikin tayar sun fi milimita 10 tasiri nesa ba kusa ba. Dalilin kuwa shi ne girman wurin da taya ke taɓa ƙasa ya dogara ne galibi kan nauyin da ke kanta da yawan iskar da ke ciki. Ƙara faɗi yana sauya siffar wurin, ya zama gajere mai faɗi maimakon dogo siriri, fiye da yadda yake ƙara girmansa. Wannan siffa tana da amfani na gaske, tana taimakawa a kwana, tana kuma raba zafi idan ana tuƙi mai tsanani a filin tsere. Amma amfanin yana zuwa ne idan rim ya tallafi bangon yadda ya kamata.

Akwai kuma farashin da faɗi ke karɓa ko da an yi komai daidai. Taya mai faɗi ta fi saurin hawa kan ruwa a lokacin ruwan sama, domin ruwan da za ta kore daga gabanta ya fi yawa. Tana bin duk wani kwari da manyan motoci suka tona a titi, sitiyari ya riƙa fizga. Nauyi yana ƙaruwa, ƙara tana ƙaruwa, shan mai ma haka.

Motocin da tayoyin baya suka fi na gaba faɗi tun daga kamfani, irin Porsche 911 mai inji a baya, suna buƙatar ƙarin hattara. An daidaita riƙon gaba da na baya da wannan bambancin. Wanda ya ƙara baya kaɗai zai ji hancin motar yana turjiya a kwana, wanda ya ƙara gaba kaɗai kuma ya kusanto da juyawar baya. Na'urar hana birki kullewa da ta hana santsi suna kwatanta juyin ƙafafun huɗu, don haka idan tsayin gaba da na baya ya kauce daga yadda aka tsara, lissafinsu yana rikicewa. A mota mai jan ƙafa huɗu, wannan bambancin yana iya wahalar da kayan raba ƙarfi har su lalace.

Wanda ya duba jadawali ya ga girman da yake so yana cikin iyakar rim ɗinsa, sauran aikinsa na ido da hannu ne. Ƙarin milimita 10 yana rabuwa gida biyu, 5 ciki 5 waje, don haka a murza sitiyari har ƙarshe ta dama da hagu, a leƙa tsakanin taya da shokabzoba, da kuma leɓen madigadi, a tuna cewa mota tana zaunawa idan ta ɗauki mutane ko ta faɗa rami. Lambar nauyi da harafin gudu kada su gaza waɗanda ke kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. A wasu ƙasashe kuma doka tana da ta cewa: a Jamus, girman tayar da ba ya cikin takardun mota sai an kai shi ga masu binciken lafiyar motoci sun amince kafin a hau titi da shi.