James Allison da birkin garkuwar jiki: tambayoyin ƴar yayata

Ƴar yayata tana karatun likita a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi. Ranar da aka ambaci James Allison a ajinsu, sai ta tsare ni a tsakar gida bayan isha'i, littafi a cinya.

Kawu, wane ne shi, me kuma ya gano?

Ba'amurke ne, an haife shi a 1948, ciwon daji ya ɗauke mahaifiyarsa tun yana yaro. Rayuwarsa ta tafi ne a binciken ƙwayoyin T, dakarun jini masu farautar baƙon abu a jiki. A jikinsu akwai wani furotin, CTLA-4, da aka gano a Faransa a 1987. Allison na cikin waɗanda suka nuna cewa birki ne. Dubi ɗan kabu-kabu yana ta ba babur wuta, ƙafarsa kuma tana danne da birki: ƙara mai yawa, tafiya babu. Shekara da shekaru masana na neman ƙara wa garkuwar jiki wuta, shi sai ya ce a ɗage ƙafar. A 1996 shi da abokan aikinsa a jami'ar Berkeley ta Amurka suka wallafa cewa sun toshe birkin a jikin ɓeraye masu ƙarin ciwon daji, ƙarin ya narke.

To ina bambancin wannan hanya da kimiyo da gashi?

Kimiyo maganin daji ne na sinadari, gashi kuma ƙona ƙarin da hasken na'ura; su ƙarin suke kai wa hari. Maganin Allison kuwa bai taɓa ƙarin ba, jikin mutum yake kwancewa ya yi yaƙinsa da kansa.

Da me ake auna tasirin mai bincike irinsa?

A jami'a ana ƙirga takardun da mutum ya wallafa da yawan masu kafa hujja da su. Ban raina wannan ba, amma ni na fi duban wanda ya tashi daga jinya. Allison ya sha faman neman kamfanin da zai yarda da maganarsa, sai a 2011 Amurka ta amince da maganin ipilimumab mai toshe wannan birki, don melanoma, mugun dajin fata, wanda a da in ya bazu da wuya mutum ya kai shekara. Da aka bi sawun waɗanda aka yi wa shi, kusan 1 cikin 5 sun wuce shekara 3, wasu har 10. Can Japan, Tasuku Honjo ya gano birki na biyu, PD-1, a 1992, daga nan aka samo magungunan nivolumab da pembrolizumab a 2014. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da dajin ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015, an haɗa masa pembrolizumab da tiyata da gashi, ya rayu har shekara 100. A 2018 Allison da Honjo suka raba kyautar Nobel.

Ke nan an samu maganin daji?

A'a, ƴata. Waɗanda bai yi wa aiki ba sun fi yawa. Kuma babur marar birki na iya hawa kan mai shi: garkuwar kan juya ta afka wa hanji, fata, huhu ko hanta.

Mu nan fa?

Nan ne ke ci mini rai. Da ipilimumab ya fito, allura 4 sun kai dala dubu 120, sama da miliyan 50 na sefa. Mu kuwa ko gashi sai an je cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da ta ɓoye kullutu a nono ƙarƙashin mayafi, tana shafa garin magani kwaɓe da man shanu, sai da wurin ya fashe aka kai ta asibiti. Da ta je tun yana kamar ƙwayar gujiya, tiyata na iya isarta. Akwai kuma aikin garkuwar jiki da ke hannunmu: rigakafin ciwon hanta na B da ake yi wa jarirai yana tare dajin hanta, na ƙwayar cutar HPV kuma yana tare dajin bakin mahaifa.

Masu lasifika a kasuwa da ke tallar "mai ƙara ƙarfin garkuwa" fa, Kawu?

Ba hanyarsu ɗaya ba. Na Allison ta jijiya ake saka shi a asibiti, ana auna jinin mutum kafin kowane zagaye. In aka tambaye ki a gidan suna ko biki, ki ce a fara zuwa a gwada kullutun.