Tambayoyi da amsoshi kan maƙalar fayyace ma'anar abin da ido ba ya gani

Wace irin maƙala ce wannan?

Ita ce wadda marubuci ke ɗaukar abu guda da hannu ba ya taɓawa, irin su adalci, jarumta, 'yanci ko amana, ya faɗi abin da yake nufi da shi, sannan ya kare matsayarsa da hujja. Kujera kowa zai iya nuna maka ita. Adalci kuwa sai an yi gardama.

Me zai hana in kwafo ma'anar daga ƙamus?

Leƙa ƙamus ba laifi ba ne, amma layi ɗaya zai ba ka, kuma sau da yawa juya ka yake yi: adalci shi ne gaskiya, gaskiya ita ce adalci. A ganina, buɗe maƙala da "kamar yadda ƙamus ya ce" alamar gudun aiki ce.

To daga ina ake farawa?

Tsohuwar hanyar Aristotle, masanin falsafar Girka, har yau tana aiki: ka faɗi jinsin da abin yake ciki, sannan ka faɗi abin da ya raba shi da 'yan uwansa. Jarumta ɗabi'a ce, wannan jinsinta ke nan. Me ya raba ta da ganganci? Nan aikin yake. Malaman Musulunci na manɗiƙi, ilimin tsara hujja, sun gindaya sharaɗi cewa ta'arifi, fayyace ma'ana ke nan, ya zama jami'i kuma mani'i, wato ya tattaro duk abin da ya cancanci shiga, ya kuma hana baƙo kutsowa.

Ta yaya zan gane ma'anar da na bayar ta tsaya da ƙafarta?

Ka nemo misalin da zai karya ta, kafin mai karatu ya riga ka. Wannan shi ne salon Socrates, wani masanin falsafar Girka, a rubuce-rubucen ɗalibinsa Plato. A ɗaya daga cikinsu, tattaunawar Laches, wani janar ya ce jarumi shi ne wanda ya tsaya a sahun yaƙi bai gudu ba. Sai Socrates ya tuna masa da mahayan Scythia, masu yaƙi suna ja da baya, ya kuma tambaye shi: mai jure ciwo fa, ko talauci, ko haɗarin teku? Ma'anar ta yi ƙunci, ta bar jarumai da yawa a waje.

A farkon littafin Jamhuriya na Plato kuma an ce adalci shi ne faɗin gaskiya da mayar da abin da ka karɓa. Socrates ya ce, to abokinka ya ba ka ajiyar makami yana cikin hankalinsa, daga baya ya haukace ya zo karɓa. Ka ba shi? Ita wannan faɗi ta yi, har ta haɗa da abin da ba adalci ba.

Haka za ka yi wa taka. Ka rubuta ta a jimla ɗaya, ka kai mata hari, ka gyara, kuma ka bar mai karatu ya ga gyaran, domin rabin maƙalar ke nan.

Misalai nawa suka isa?

Uku sun wadatar: wanda kowa ya yarda da shi, wanda ya yi kama amma ba shi ba ne, da wanda ke kan iyaka. Na ukun ya fi cancantar tsawo.

Dole ne in ƙare da ma'ana guda tak?

A'a. Ita kanta tattaunawar Laches an tashi ba a cimma matsaya ba. A 1958 masanin falsafa Isaiah Berlin ya gabatar da lacca a Jami'ar Oxford inda ya raba 'yanci gida biyu: kada wani ya tsare maka hanya, da kuma ka zama kai ke riƙe da akalar kanka. Idan bincikenka ya nuna abin ya rabu biyu, faɗi haka, ka bayyana wanne kake magana a kai da dalilin zaɓensa.