Kyautar kamfani ko kuɗin jiha? Yadda dokar rangwamen harajin ilimi ke aiki a Pennsylvania

A yawancin makarantun gwamnati na Amurka ana tashi ne wajen ƙarfe uku na rana, iyaye kuwa ba sa dawowa daga aiki sai biyar ko shida. Wannan tazarar ce ta haifar da shirye-shiryen bayan tashi: yara su tsaya a makaranta ko wata cibiya da ke kusa, a taimaka musu da aikin gida, a koya musu kwamfuta, kiɗa, zane ko gwaje-gwajen kimiyya. Kasafin makaranta na yau da kullum ba kasafai yake ɗaukar nauyin wannan ba. A jihar Pennsylvania akwai dokar da ta buɗe wa kamfanoni ƙofar biyan kuɗin irin waɗannan shirye-shirye. Idan ka ga hoton manajan banki a can riƙe da ƙaton cek na kwali, ɗalibai sun kewaye shi suna murmushi, sau da yawa wannan doka ce ta haɗa taron.

A taƙaice ana kiran tsarin EITC, wato rangwamen haraji don inganta ilimi. An kafa shi a 2001, zamanin Gwamna Tom Ridge, kuma ma'aikatar raya al'umma da tattalin arziki ta jihar, DCED, ita ke tafiyar da shi, ba ma'aikatar ilimi ba. A shekarar farko dala miliyan 30 aka ware: miliyan 20 don tallafin kuɗin makaranta, miliyan 10 don shirye-shiryen inganta karatu a makarantun gwamnati. Majalisar jihar ta yi ta ƙara adadin har ya kai ɗaruruwan miliyoyi a shekara.

Lissafin shi ne zuciyar maganar, don haka bari mu tsaya a kansa. Kyautar da kamfani ya saba bayarwa, daga ribarsa ake cire ta kafin a yanka masa haraji. Harajin ribar kamfanoni a Pennsylvania ya daɗe a kashi 9.99 cikin ɗari kafin a fara sauke shi a 2023, ke nan wanda ya ba da dala ɗari ta wannan hanya, sauƙin da ya samu a harajin jiha bai kai dala goma ba. A ƙarƙashin EITC kuwa daga harajin kansa ake cirewa. Kamfanin da ya ba da gudummawa shekara ɗaya, za a yafe masa kashi 75 cikin ɗari na abin da ya bayar. Idan ya yi alkawari a rubuce cewa zai ba da adadi ɗaya shekara biyu a jere, sai rangwamen ya koma kashi 90. Iyakar rangwamen da kamfani ɗaya zai samu a shekara dala 750,000 ne.

A ce jiha na bin wani kamfani harajin dala 100,000. Ya ba wata ƙungiya mai koyar da yara lissafi da yamma dala 50,000, da alkawarin maimaitawa baɗi. Jiha ta yafe masa 45,000, ya biya ta 55,000. Jimillar abin da ya fita daga asusunsa 105,000 ne, maimakon 100,000 da dama zai biya ko ya so ko bai so ba. Dala 5,000 kaɗai ya ƙara daga aljihunsa, amma cek ɗin da ke hoton 50,000 aka rubuta, kuma sunan kamfanin ne a jiki. Ragowar 45,000 kuɗin da ya kamata su shiga baitulmalin jiha ne. Abin da dokar ta miƙa wa kamfanin shi ne ikon zaɓar inda za su tafi.

Mai karatu a Najeriya zai gane dabarar, domin irinta ce a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7 na 2019, wanda ya ba kamfanoni damar gina hanya a cire musu kuɗin daga haraji, kamar yadda kamfanin Ɗangote ya yi da hanyar Obajana zuwa Kabba. Ta sha bamban da kuɗin ilimi da ake tarawa a asusun TETFund, inda kamfani ke biya dole, hukuma kuma ta raba.

Ba makaranta kamfani ke miƙa wa kuɗin kai-tsaye ba. Dole su bi ta hannun ƙungiyar da ba ta neman riba, wadda DCED ta tantance ta sa ta cikin jerin da take wallafawa. Ƙungiyoyin iri uku ne. Akwai masu biya wa ɗalibai kuɗin makaranta, galibi makarantun kuɗi da na addini. Akwai masu biyan kuɗin makarantun share fage na ƙananan yara, waɗanda nasu lissafin daban ne: kashi 100 a kan dala 10,000 na farko, kashi 90 a kan abin da ya ƙaru, iyaka dala 200,000. Sai na uku, ƙungiyoyin inganta ilimi, kuma a nan ne karatun bayan tashi ya shigo. Cikinsu akwai gidauniyoyin da gundumomin makarantu ke kafawa, da ɗakunan karatu, gidajen tarihi, cibiyoyin kimiyya da ƙungiyoyin matasa.

Sharaɗin da aka gindaya wa wannan rukuni na uku yana da ma'ana. Shirin da za a biya wa kuɗi dole ya zama ƙari ne a kan manhajar makarantar gwamnati, ba wani ɓangare na abin da makarantar ta saba koyarwa ba. Ba za a ɗauki kuɗin EITC a biya albashin malamin lissafi na aji huɗu ba, amma za a iya biyan wanda zai zauna da yaran ajin bayan tashi, ko ranar Asabar, ko lokacin dogon hutu, yana koya musu abin da ya zarce darasin aji. Haka kuma tara yara kawai a tsare su har iyaye su dawo bai wadatar ba, sai ƙungiyar ta nuna abin da ake koyo. Tun farko dokar ta ce aƙalla kashi 80 na gudummawar da ƙungiya ta karɓa su tafi ga shirin kansa, don kada kuɗin su ƙare a hayar ofis da albashin shugabanni.

Neman shiga kuwa tsere ne. Shekarar kuɗi ta jihar tana farawa 1 ga Yuli, kuma a lokacin ne sababbin kamfanoni ke miƙa takardunsu ta intanet. Waɗanda ke cikin alkawarin shekara biyu, ko suke sabunta shi, ana buɗe musu ƙofa tun tsakiyar Mayu. Wanda ya riga shi ke samu, har adadin da majalisa ta ware ya ƙare, saura su jira. Tsohon hannu ke nan ya fi sabo dama. Da zarar takardar amincewa ta fito, kamfani na da kwana 60 ya biya kuɗin, da kwana 90 ya kai shaidar cewa ƙungiyar ta karɓa. Idan harajin da ake binsa a shekarar bai kai rangwamen ba, jiha ba ta mayar masa da rarar a hannu, ba ya kuma sayar da ita ga wani kamfani. Ana amfani da rangwamen a kan haraji iri-iri, har da na hannun jarin bankuna da na kuɗin inshora, shi ya sa bankuna suka yi yawa a harkar. Daga 2014 an ƙara wata kafa: ɗaiɗaikun mutane na iya haɗuwa su kafa wani ɗan kamfani na musamman don wannan manufa kaɗai, rangwamen ya sauka a kan harajin kowannensu.

Masu goyon bayan dokar suna da hujja mai ƙarfi. Kuɗin na isa ga yara da sauri, ba tare da sun bi dogon layin kasafi ba, kuma kamfanin da ya saba da wata makaranta yakan ƙara da abin da ba kuɗi ba, kamar tura ma'aikatansa su koyar. Uwar da ke tashi daga aiki ƙarfe shida ba ta damu da ta wace ƙofa kuɗin suka biyo ba, muddin ɗanta na wurin da ake kula da shi.

Sai dai ni a ganina tambayar da ta fi nauyi ita ce wa ke zaɓa. Pennsylvania na da gundumomin makarantu 500, kuma kaso mai tsoka na kuɗinsu daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, don haka unguwar masu hali makarantarta ma mai hali ce. A Fabrairun 2023 wata kotun jihar, ta bakin Mai shari'a Renée Cohn Jubelirer, ta yanke hukunci cewa yadda ake raba kuɗin makarantu ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar, saboda yana tauye yaran gundumomin talakawa. EITC ba ta da wata ƙa'ida da ke tura gudummawar inganta ilimi zuwa inda buƙata ta fi tsanani. Kamfani yakan ba inda yake da reshe, ko inda abokan cinikinsa suke, ko ƙungiyar da ta iya rubuta takardar neman tallafi. Garin da masana'antarsa ta rufe, shi ne ya fi buƙatar shirin yamma, kuma shi ne ba shi da kamfanin da zai sa hannu. Wani tsarin rangwamen haraji irin wannan da aka ƙara a 2012, OSTC, ya dubi yankunan makarantun da ke kashi 15 na ƙasa a sakamakon jarrabawa, amma nasa aikin biya wa ɗalibi kuɗi ne ya koma wata makarantar, ba gyara wadda ya baro ba.

Ga kuma batun bin diddigi. Dokar ta taƙaita irin bayanan da DCED za ta iya nema daga ƙungiyoyin. Da ofishin nazarin kuɗi mai zaman kansa na jihar ya duba tsarin a farkon 2022, abin da ya ce shi ne bayanan da ake tarawa ba su isa a auna ko ana cimma manufa ba. Gwamna Tom Wolf ma da ya ƙi sa hannu a 2019 a kan ƙudurin ƙara dala miliyan 100, rashin bin diddigin na cikin dalilan da ya bayar.

Rigimar siyasar kusan duk a kan kason makarantun kuɗi ake yin ta, domin can ne mafi yawan kuɗin suke zuwa. A 2011 kotun ƙolin Amurka, a wata shari'a kan irin wannan tsari a Arizona, ta yanke da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa mai biyan haraji ba shi da hurumin ƙalubalantarsa, bisa hujjar cewa kuɗin da ba su taɓa shiga baitulmali ba, ba kuɗin gwamnati ba ne. Alƙalai huɗun da suka saɓa sun ce ko ta wace hanya aka bi, asusun jiha ne ke raguwa. Kason inganta ilimi, wanda ke biyan karatun yamma a makarantun gwamnati, ya kasance ƙarami, kuma idan majalisa ta tashi ƙari, ɓangaren tallafin kuɗin makaranta ne ya fi samun kaso mai yawa. Ƙungiyar da ta dogara da shi tana ɗaukar malamai ne bisa alkawarin da bai wuce shekara biyu ba, sannan ta sake jiran Mayu ta ga ko kamfanin zai sabunta.