Me ake nufi da daidaita alƙaluman asibiti bisa halin majinyata?

A 1986 hukumar da ke kula da shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi a Amurka, ta fitar da jerin asibitocin da mace-macensu suka wuce kima. Wanda ya zo kan gaba, ashe gida ne na jinyar waɗanda likitoci suka riga suka cire rai da warkewarsu. Lissafin bai san da haka ba, sai ya shafa masa kashin kaji.

Irin wannan kuskure ake son kauce wa idan aka ce an daidaita alƙaluma. Babban asibitin da ake tura wa duk wanda ciwonsa ya gagari ƙananan asibitoci, dole gawa ta fi fita daga cikinsa, ko da likitocinsa sun fi na kowa iya aiki. Don haka ba a tsayawa kan mutum nawa suka rasu. Ana tambayar mutum nawa ake tsammanin za su rasu, idan aka duba yadda suka shigo.

Wannan "tsammani" ba duba ba ne. Ana tattara bayanan majinyatan ƙasa baki ɗaya: shekaru, jinsi, ciwon da ya kawo mutum, ko da gaggawa aka kawo shi, da cututtukan da ya zo da su tun daga gida, kamar ciwon suga ko na ƙoda. Ma'aunin Charlson na 1987 yana ba kowace irin cuta maki gwargwadon nauyinta. Daga nan a fitar da yiwuwar rasuwar kowane majinyaci, a tara su, a samu adadin da ake tsammani. Sai a raba waɗanda suka rasu da wannan adadi, a ninka da 100. Maki 100 na nufin mace-macen sun yi daidai da tsammani, sama da 100 kuma sun zarce shi. A ce mutum 120 sun rasu inda ake tsammanin 150: makin 80 ke nan. Wani asibitin kuwa 30 kacal, amma 20 ake tsammani: 150. Na farko ya fi yawan gawa, na biyu ya fi buƙatar a leƙa shi, ko da yake a ƙaramin adadi irin wannan, mutum biyar ma na iya juya lissafin.

A Ingila, Farfesa Brian Jarman ya tsara ma'aunin HSMR, wato makin mace-macen asibiti da aka daidaita, a kan wannan tushe. A 2007 asibitin Stafford ya samu maki 127, kuma binciken Robert Francis da ya fito a 2013 ya tabbatar da mummunan sakaci a wurin. Amma 127 ba ya nufin duk rarar mace-macen sakaci ne ya jawo su. Wannan sai an buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne, asibitin da ake aunawa shi ke rubuta bayanan da ake auna shi da su. Wanda ya ƙware wajen rubuta kowace cuta a fayil, majinyatansa za su fito kamar sun fi jin jiki, adadin tsammani ya hau, makinsa ya sauka, alhali ko allura ɗaya ba a ƙara a ɗakin jinya ba. Wanda ke saurin sallama kuma, sai mutum ya ƙarasa a gida, ba a ƙirga shi cikin mamatan asibitin ba. Wani ma'aunin mace-macen mai suna SHMI da Ingila ta fara a 2011 yana toshe wannan kafa, domin yana ƙirga har wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan sallama.

Akwai kuma abin da bai kamata a sa a lissafi ba. Ciwon da mutum ya kwasa bayan an kwantar da shi, kamar rauni da ya yi ruwa bayan tiyata, idan aka ƙirga shi cikin halin da ya zo da shi, an wanke asibiti daga laifinsa ke nan. Talauci ya fi wuyar sha'ani: a cire shi, a zalunci asibitin da ke jinyar talakawa, a sa shi, kamar an yarda talaka ya samu kulawa ƙasa da ta kowa. Tun daga shekarar kuɗi ta 2019, Medicare na kwatanta asibitoci da takwarorinsu masu kusan yawan majinyata marasa galihu iri ɗaya kafin ta ci su tara kan yawan sake kwantar da waɗanda aka sallama.