Gumi ba kitse ba ne da ke narkewa

An daɗe ana cewa yawan gumin da mutum ya yi wajen motsa jiki shi ne yawan kitsen da ya ƙona. Har wasu kan naɗe cikinsu da leda ko su saka kaya masu kauri. Ba abin mamaki ba ne, domin sikeli yakan nuna raguwa nan take.

Amma kusan kashi 99 cikin 100 na gumi ruwa ne, aikinsa sanyaya jiki. Kitse kuwa sai jiki ya ƙona fiye da abin da aka ci yake raguwa, kuma mafi yawansa ta numfashi yake fita. Kilo 1 na kitse ya kai kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci), abin da ba ya tafiya a yini guda.

Gwada da kanka: hau sikeli kafin motsa jiki da bayansa, ka sha ruwa, ka sake hawa washegari da safe. Za ka ga nauyin ya dawo, domin lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Wannan dawowar ce ke karya wa mutane gwiwa. Gara ka riƙa auna ƙugunka duk bayan mako 2. Ledar nan kuwa ƙarancin ruwa da jiri kawai take jawowa.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.