Waiwaye: Yadda Cinikin Fata Ya Kai Alexander Mackenzie Bakin Teku Biyu

Duk wanda ya duba taswirar Kanada zai ga wani dogon kogi a arewa maso yamma mai suna Mackenzie. Mutanen Dene da ke zaune a gaɓarsa tun kaka da kakanni, Dehcho suke kiransa. Sunan da ya shiga taswira kuwa na wani bafatake ne ɗan Sikotland, wanda ya bi kogin a 1789 alhali wata hanya ce daban yake nema.

Tushen maganar hula ce. A ƙarni na 17 da na 18, masu hali a Turai suna yayin wata irin malafa da ake yi da gashin wata dabbar ruwa, biba, wadda ke datse rafuka da itace ta yi gidanta a ciki. Turawa sun kusa ƙarar da tasu, sai ido ya koma Arewacin Amurka. A 1670 Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba Kamfanin Hudson's Bay izinin mallake cinikin a duk ƙasar da ruwanta ke gangarawa gaɓar Hudson. Wannan kamfani ya kafa sansanoni a bakin teku yana jiran mafarauta 'yan ƙasa su kawo fata. Fataken Montreal, waɗanda yawancin manyansu 'yan Sikotland ne, ba su da wannan gata. Dole su bi fata har inda take, cikin kwale-kwalen ɓawon itace, su sauke kaya su ɗauka a baya duk inda ruwa ya ƙi biyuwa. Su ne suka haɗu suka zama Kamfanin North West.

An haifi Mackenzie a Stornoway, a tsibirin Lewis. Bayan rasuwar mahaifiyarsa aka kai shi New York a 1774, yaƙin neman 'yancin Amurka kuma ya sa aka tura shi Montreal. A 1779 ya shiga aikin akawu a wani gidan cinikin fata, wanda daga baya, a 1787, ya haɗe da North West. Daga nan aka aika shi yankin Athabasca, can ƙuryar da fata ta fi kyau, hanya kuma ta fi nisa.

A can ya haɗu da Peter Pond, wani tsohon bafatake Ba'amurke mai zafin rai, wanda ya zana taswira bisa abin da 'yan ƙasa suka gaya masa. Pond ya yi imani akwai kogin da ke fita daga tafkin Great Slave ya faɗa tekun Fasifik. In haka ne, ai kakar kamfani ta yanke saƙa: maimakon a yi wata da watanni ana jan fata zuwa Montreal, sai a fitar da ita ta yamma, jirgin ruwa ya wuce da ita kasuwar Sin.

Ranar 3 ga Yuni 1789 Mackenzie ya tashi daga sansanin Fort Chipewyan tare da matuƙa masu jin Faransanci, da matan wasunsu, da wani shugaban 'yan Chipewyan da fatake ke yi wa laƙabi da English Chief, wanda ya zama jagora kuma tafinta. Da farko kogin ya nufi yamma. Sai ya karkata arewa, ya ƙi dawowa. A tsakiyar Yuli suka tsinci kansu a bakin tekun Arctic mai ƙanƙara. Sun je sun dawo cikin kwana 102, amma ta fuskar kasuwa babu abin da aka ci.

Abin da ya yi bayan nan shi ya fi nuna halinsa. Ya gane cewa bai iya auna inda yake a doron ƙasa ba, sai ya tafi Landan ya koyi lissafin taurari, ya sayo kayan awo. A ƙarshen 1792 ya haura kogin Peace ya yi zaman hunturu a can, ranar 9 ga Mayu 1793 kuma ya kama hanya da mataimakinsa Alexander MacKay, da matuƙa shida, da 'yan ƙasa biyu, da kare ɗaya. Guzurinsu har da busasshen naman da ake kirɓawa a cuɗa da kitse, kusan kamar dambun nama, wanda ba don shi ba da cinikin fata bai yi nisa haka ba. Suka tsallake tsaunukan Rocky, suka faɗa kogin da a yau ake kira Fraser. Mutanen Dakelh suka gargaɗe shi cewa gaba ruwan ba ya biyuwa, suka nuna masa hanyar ƙasa.

Nan ne littattafan makaranta kan yi gaggawar wucewa. Hanyar da ya bi ba gagarin daji ba ce. Tsohuwar turbar fatauci ce da 'yan Nuxalk na bakin teku da 'yan Dakelh na cikin ƙasa suke safarar man kifi a kanta tun da daɗewa. Su suka ciyar da shi da kifi, su suka ara masa kwale-kwale ya gangara kogin Bella Coola. Ƙwazonsa ba abin musu ba ne, amma hanya tana da masu ita.

A mashigin Dean, a gaɓar tekun Fasifik, ya cuɗa jan fenti da kitse ya rubuta a jikin dutse cewa shi, Alexander Mackenzie, ya zo daga Kanada ta ƙasa, 22 ga Yuli 1793. Shi ne Bature na farko da aka san ya ƙetare nahiyar daga gabas zuwa yamma a arewacin Meziko, shekara 12 kafin ayarin Amurkawa na Lewis da Clark ya isa Fasifik. Sai dai wannan hanyar ma ta fi ƙarfin kwale-kwale mai kaya.

Littafin tafiye-tafiyensa ya fito a 1801, a 1802 aka ba shi lambar girma ta Sir. Shugaban Amurka Thomas Jefferson ya karanta shi, abin kuma ya ƙara masa ƙaimi wajen tura nasa ayarin, wato na Lewis da Clark. A cikin littafin Mackenzie ya ba da shawarar a haɗa cinikin fata wuri guda, daga gaɓar Hudson har Fasifik. Abokan cinikinsa ba su saurare shi ba. Tun kafin littafin ya fito ya ɓata da Simon McTavish, jigon North West, ya koma kamfanin hamayya na XY, aka shiga gasar da ta malala barasa a garuruwan 'yan ƙasa har zuwa haɗewar kamfanonin biyu a 1804.

Ya ɗan zauna a majalisar dokokin Lower Canada, wato yankin Quebec na yau, sannan ya koma Sikotland ya yi aure a 1812, ya zauna a Avoch. Ya rasu a watan Maris 1820. A shekarar da ta biyo baya North West ya narke cikin Hudson's Bay, sunan tsohon abokin hamayya kuma shi ya rage a kan kamfanin.